Abin da Muke Rubutawa a Shagon Tela Daren Alhamis

Duk wanda ya bi ta layinmu daren Alhamis bayan sallar isha'i zai tarar da shagon tela a buɗe, keken ɗinki a tsaye, mu huɗu muna zazzaune a kan benci da buhun ƙyallaye, ɗaya na riƙe da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, sauran muna ta musu. Mutane da yawa sun ɗauka gardamar ƙwallo muke yi. Wata tsohuwa ma ta taɓa cewa adashi muka kafa. To, ba ko ɗaya. Rubutu muke yi, rubutun 'yan bidiyon barkwancin nan da kuke gani a waya, waɗanda muke yi a kan wasan gem. Masu wannan mujalla sun ce mu ba da labarin yadda abin yake, muka ce to, amma da sharaɗin za mu haɗa har da inda muka yi ɓarna, don akwai ta, kuma rabin Sabo sun riga sun san ta.

Mu huɗun nan duk a Sabon Badun aka haife mu: tela, mai gyaran waya, yaron wani Alhaji ɗan canji, da ɗalibi guda da har yanzu bai gama ba. Kakanninmu fataucin goro da shanu ne ya kawo su Kurmi, unguwar kuma tun 1916 take nan. Mu kuwa abin da muka tashi muka tarar, ban da makarantar allo da islamiyya, shi ne gidan gem. Ɗaki ɗaya, talabijin uku masu ƙeya, PlayStation 2, labule mai dauɗa a ƙofa, ga warin zufa ga hayaƙin janareta. Naira 20 wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. A can muka san Winning Eleven, muka koyi dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa. Da PES 6 ta zo, sai da mai gidan ya kafa doka cewa ba mai ɗaukar Inter Milan sai an jefa ƙuri'a, domin in Adriano ya saki ƙwallo daga nesa, gola sai dai ya bi ta da kallo. An sha dukanmu a kan gidan nan. Akwai wanda a cikinmu mahaifinsa ya fito da shi riƙe da kunne har bakin titi, shi kuma bai saki fad ɗin ba, wayar na jan ƙasa a bayansa, mai gidan na biye yana roƙon Alhaji ya bari a karɓi kayansa tukuna.

Bidiyonmu na farko a 2021 muka yi shi, kuma ba mu rubuta komai ba. Waya muka kafa a gaban talabijin, biyu na buga FIFA, biyu na ihu a baya. Mu dai mun yi dariya har da riƙe ciki. Da muka ɗora, masu kallo ba su kai hamsin ba, kuma muna kyautata zaton rabinsu mu ne muke komawa muna sake kallo. Muka yi na biyu da na uku, haka. Yayar mai gyaran waya ce ta gaya mana gaskiya. Ta kalla har ƙarshe fuskarta a ɗaure, ta miƙo wayar ta ce, "Ni fa ban ga abin dariya ba. Mutanen cikin talabijin na ta gudu, ku kuma kuna ihu kamar an yi gobara." Ranar mun ji haushi. Washegari muka sayi littafi da biro.

Abin da ta nuna mana shi ne, ƙwallon cikin talabijin ba ta ba kowa dariya sai wanda ke wurin. Abin dariyar yana kan benci, wurin mutanen da ke riƙe da fad. Sai muka koma gidan gem da kunne maimakon hannu. Shafukan farko na littafinmu ba komai a cikinsu sai uzurin waɗanda aka ci. "Fad ɗin ne." "Madannin fasin ba ya dannuwa." "Ka ba ni mataccen ka riƙe mai kyau." "Kwamfuta ta riga ta rubuta za a ci ni." Wani ma cewa ya yi, "Ban yi la'asar ba ne, shi ya sa," ya tashi ya yi alwala, ya dawo aka ƙara masa huɗu. Akwai kuma ɗan kallo wanda bai taɓa biyan ko wasa ɗaya ba amma shi ne kocin kowa, da wanda wayarsa ba ta taɓa ƙara sai lokacin da za a buga masa fanareti, da wanda in an ɗauke wuta a minti na 89 ana cin sa uku da nema sai ya miƙe ya ce ai canjaras ne, don ba a tashi ba. Duk waɗannan ba mu ƙirƙire su ba. Kwashe su muka yi kamar yadda ake kwasar goro a buhu, muka zo muka zaɓe masu kyau.

Yadda muke rubutun kuwa, a hankali muka gano shi, da faɗuwa da tashi. Shafi ɗaya na littafin nan, in an karanta da saurin magana, kusan minti ɗaya ne, kuma mafi yawan bidiyonmu ba sa wuce minti ɗaya da rabi. Mai gyaran waya ke riƙe agogo, ɗalibi ke karantawa da ƙarfi, sauran mu saurara. In aka yi daƙiƙa goma sha biyar babu wurin da murmushi ya zo, sai mu sa alama. Tela ne mai yankewa, ya saba da almakashi, ba ya tausayin ƙyalle kuma ba ya tausayin jimla. Sau da yawa layin da ɗalibi ya fi so, wanda ya kwana yana gyarawa, shi ake fara cirewa, domin bayani yake yi wa barkwancin, kuma barkwancin da aka yi wa bayani ya mutu. Ƙarshen bidiyo ma haka: inda dariya ta fashe nan muke tsayawa, ko da akwai sauran magana mai daɗi a ƙasa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne farko. Mai kallo a TikTok ko Facebook babban yatsansa na kan gilashi, in daƙiƙa uku suka wuce bai ga abin da ya riƙe shi ba, ya ture ka sama ya wuce. Mu kuwa Hausawa ne, ba mu iya shiga magana ba sallama. Rubutunmu na farko-farko duk da gaisuwa suke farawa, sannu da aiki, ina gajiya, ya iyali, kafin a zo kan magana mai kallo ya kai bidiyo na biyar. Yaron ɗan canji ya dage cewa cire sallama rashin tarbiyya ne, dattawa za su ce mun zama 'yan Ikko. An yi mako biyu ana wannan ja-in-ja. Daga ƙarshe muka cire gaisuwar daga farkon duk bidiyo, muka tattara ta muka yi mata nata bidiyon: an sa dattijo ya buga Free Fire, ya sauka daga jirgi, ya ga abokin gaba, maimakon ya harba sai ya tsaya gaishe shi, ana harbinsa yana tambayar lafiyar mutan gida. Wannan har liman ya kalla ya yi dariya, in ji ɗansa.

Jijiyar da ta fi ba mu ruwa ita ce ɗauko dokokin cikin gem mu kawo su Sabo. A GTA San Andreas, in ka yi laifi taurari ke bayyana a saman allo, yawansu yawan 'yan sandan da ke bin ka. Mu sai muka rubuta yaro ya tsallake islamiyya, tauraro ɗaya ya fito: mai shayi ya gan shi. Biyu: gwaggonsa ta leƙo ta taga. Uku: an kira babansa a waya. Da ya kai biyar, unguwa gaba ɗaya na biye da shi har gadar Mokola, har da direban Micra Bayarabe da bai san laifin ba amma ya ce shi ma zai taya. Mun yi wani a kan mutanen nan na cikin gem da kwamfuta ke tafiyar da su, masu jimla uku kacal da suke maimaitawa, suna tafiya suna karo da bango. Muka mayar da shi mai shago, duk abin da ka tambaye shi amsarsa ɗaya ce daga cikin uku: "Babu canji," "Kaya sun tashi," "Allah ya kawo kasuwa." Ko gobara ka ce masa ta tashi, "Babu canji."

Wanda muka fi so har gobe shi ne na ajiye wasa. Masu gem sun sani, kafin ka shiga wuri mai haɗari kana ajiye inda ka kai, in an kashe ka ka dawo daga nan. Sai muka rubuta saurayi zai shiga ɗakin mahaifinsa neman kuɗin data. A bakin ƙofa ya tsaya, ya danna iska, rubutu ya fito cewa an ajiye. Ya shiga ya ce, "Baba, dubu biyu nake so." Takalmi ya taso, allo ya yi duhu. Ya dawo bakin ƙofa. Karo na biyu ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da hutawa, kuɗin littafi ne aka ce mu kawo." Baba ya ce, "Kawo sunan littafin." Allo ya yi duhu. Karo na uku ya shiga da goro. Na huɗu ya shiga da ƙanwarsa a matsayin lauya. Na biyar ya tsaya ya yi tunani, ya juya ya nufi ɗakin Inna. Nan muka yanke. Ba a nuna talabijin ko fad ko sau ɗaya a cikinsa ba, amma masu gem sun gane, iyaye mata ma sun gane, kowa da inda dariyarsa ta fito. Tun daga shi muka kafa gwaji: kafin mu ɗauki kowane rubutu, sai an karanta wa yayar nan. In ba ta motsa ba, ba a ɗauka.

Harshe ma sai da muka yi shawara a kansa. Mu a Sabo jimla ɗaya takan ɗauki Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, ba ma ko lura. Da bidiyonmu suka fara kaiwa Arewa, sai ga 'yan Kano da Zariya suna rubuto mana cewa wannan wace irin Hausa ce, wai Hausar Kurmi. Ɗalibi ya so mu gyara, mu riƙa rubuta Hausar rediyo. Mun gwada a bidiyo biyu, muka ji kamar mun sa rigar aro. Sai tela ya tuna mana da Samanja, wanda iyayenmu suka yi shekaru suna kallo, kuma daɗinsa duk a Hausar barikin nan yake. Muka koma yadda muke magana, sai dai mu sa fassara a ƙasa in Yarbancin ya yi yawa. Abin mamaki, maƙwabtanmu Yarbawa na Mokola da Adamasingba suka fara turo wa juna, suna cewa ga yaran Sabo.

Kada wani ya ɗauka kuɗi muke kwasa. YouTube ba ya fara biyan mutum kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kuwa kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, mu kuwa har yau ba mu ƙetare wannan kogin ba. Abin da ke shigowa na tallan masu shaguna ne jefi-jefi, wani lokaci ma da tsire ake biyan mu. Abin da ke fita kuwa data ne da mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba, gidajen gem da yawa suka rage awanni ko suka rufe, yara suka koma Free Fire da Call of Duty a waya. A shekarar ce ma aka canja wa FIFA suna zuwa EA Sports FC, kodayake a Sabo har yau ba mu ji wanda ya kira ta da sabon sunan ba. Mun kuma koyi cewa in ka bar waƙar cikin gem tana tashi a bayan bidiyo, ana iya kashe maka sautin ko a ba mai waƙar kuɗin, shi ya sa yanzu ƙarar bindiga da ta ƙwallo duk da baki yaron ɗan canji ke yin su, kuma sun fi na asali ban dariya.

A cikin wannan rashin kuɗin ne wani mai shirya barkwanci daga Ikko ya nemo mu. Ya ce yana son mu rubuta masa, mu kuma fito a ciki. Labarin nasa, mai gadi Bahaushe ne zai riƙe fad a juye, ya riƙa tambaya ko ɗan ƙwallon cikin talabijin yana jin yunwa, a kira shi aboki, a yi ta dariya. Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da muka samu a wata shida. Mun zauna a kai dare biyu. Ba mu ce ba a wasa tsakanin ƙabilu ba, ai Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni, Bakano da Bazazzagi ma haka, kuma muna jin irin zolayar da ake yi a kasuwa kullum ba wanda ke fushi. Amma wasan nan yana da ƙa'ida: kowa na da bakin ramawa, kuma ana yin sa ido da ido. A labarin mutumin Ikko, Bahaushen ba shi da layi ko ɗaya da zai rama, an kawo shi ne kawai a matsayin wanda bai san komai ba. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, yadda 'yar cacar baki ta zama wuta da asarar rayuka, ba ma ɗaukar raini tsakanin mutane abin wasa. Muka ce masa a'a. Kuma gaskiya mun ji daɗin kanmu ƙwarai, mun yi ta ba da labarin a majalisa, ana cewa Allah ya yi mana albarka.

Ba a yi wata biyu da wannan ba muka yi abin da ya sa muka ce sai an bar mu mun faɗi ɓarnarmu.

Akwai wani yaro a unguwar nan, shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ba. Mahaifiyarsa waina take yi. Ta aike shi sayen shinkafa, ya biya ta gidan gem, ya tarar ana buga wasa da kuɗi a ƙasa. Ya sa kaɗan aka cinye, ya ƙara don ya fanshe, aka cinye, yana ta cewa saura wasa ɗaya har kuɗin suka ƙare. Ya koma gida ya ce 'yan ƙwace ne suka tare shi. Kafin magariba gaskiya ta fito. Mai gyaran waya na wurin lokacin da abin ya faru, ya kawo mana labarin daren Alhamis, muka ce wannan ai rubutaccen sikirif ne Allah ya ba mu. Muka canja suna, muka mayar da shinkafa kuɗin gas. Amma muka bar jar hularsa, muka bar rigar ƙwallon da kullum yake sawa, muka bar "saura wasa ɗaya." Yaron yana da i'ina. A rubutun farko babu ita. Da muka karanta da agogo, tsakiyar ta ɗan yi sanyi, sai ɗaya daga cikinmu ya maimaita layin da i'ina, muka fashe da dariya, aka ɗauki jan biro aka rubuta a gefen shafi cewa a nan zai yi i'ina. Ba za mu faɗi wanda ya kawo ba ko wanda ya rubuta, domin mu huɗun duk mun yi dariya. Wannan rubutun kuma, shi kaɗai a cikin duk na lokacin, ba mu kai wa yayar nan ta ji ba. Mun ce sauri muke. Yanzu mun san dalilin.

Bidiyon ya tashi fiye da duk abin da muka taɓa yi. Wayoyinmu ba su huta ba, mabiya na ƙaruwa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. A Kano da Kaduna masu kallo sun ga wani yaro ne kawai na cikin wasa. A Sabo kuwa ba wanda bai gane shi ba.

Kwana biyar bayan haka mahaifiyarsa ta zo shagon tela da hantsi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi sallama, muka amsa, muka ce, "Inna, sannu da zuwa, ga wuri." Ta ce ba zama ta zo yi ba. Ta ce, "'Ya'yan nan, ni na dake shi a kan kuɗin nan, na kuma yafe masa, magana ta wuce tsakanina da shi. Ku a kan me kuke dukansa?" Ba wanda ya amsa. Ta ce kwana uku ke nan bai je islamiyya ba, domin da ya miƙe zai ba da hadda, harshensa ya sarƙe, yara suka haɗa baki suka ce saura wasa ɗaya, da irin muryar da muka yi. Ta ce, "I'inar nan ba a gidan gem ya samo ta ba. Da ita ya fara magana. Shekara nawa ina lallaɓa shi ya riƙa buɗe baki a cikin mutane." Ta gyara mayafinta ta tafi.

Da za mu ce nan take muka goge bidiyon, da mun yi muku ƙarya. Kwana uku muka ƙara. Ɗaya ya ce ai ba mu ambaci sunansa ba. Wani ya ce faɗakarwa ce, yara za su ji tsoron caca. Wani ya ce ko mun goge an riga an sauke, gogewar ba za ta amfana masa komai ba, mu ne kawai za mu yi asara. Duk muna faɗa muna leƙen waya muna ganin lamba na hawa. A dare na uku tela ya buɗe shafin farko na littafin, inda muka tara uzurin waɗanda aka ci, ya karanta mana da ƙarfi, fad ɗin ne, madannin ba ya dannuwa, kwamfuta ta riga ta rubuta. Ya rufe ya ce a ba shi biro ya ƙara namu a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. A daren muka cire shi daga duk inda muka ɗora.

Wanda ya ce an riga an sauke bai yi ƙarya ba. Bidiyon na yawo a WhatsApp har yanzu, wani shafi da ba mu san mai shi ba ma ya sake ɗorawa da tambarinsa. Mun nemi kawun tela ya raka mu gidan, muka durƙusa a zaure muka ba mahaifiyar haƙuri. Ta ce ta yafe nata, nasa kuma sai shi. Yaron bai fito ba, ba mu kuma matsa ba. Mun je wurin malamin islamiyyar muka gaya masa laifin namu ne, shi ya tsawatar wa yaran, ya kuma riƙa karɓar haddar yaron shi kaɗai kafin a taru, har ya dawo aji bayan kusan wata guda. Sunan dai bai mutu gaba ɗaya ba. Muna jin sa wani lokaci a bakin yara a layi, kuma duk wanda ya ji a cikinmu yakan tsaya ya yi magana. Shi kuwa in ya hango mu yakan sauya hanya. Sau ɗaya ya amsa sallamar mai gyaran waya, shi ke nan abin da muka samu zuwa yanzu.

Littafin da muke rubutu a ciki yanzu shi ne na huɗu, kuma a saman kowane shafi, kafin a rubuta layin farko, akwai tambayar da muke amsawa: wa za a gane? In amsar mutum ɗaya ce a Sabo, ko dai mu je mu karanta masa ya yarda, ko mu gauraya shi da mutum uku har ya ɓace, ko mu bar shi. Mai shagon nan na "babu canji" mun koma mun same shi daga baya, ya ce shi bai damu ba, amma a riƙa nuna allon shagonsa. Wawan cikin labari kuwa yanzu ɗayanmu ne ke ɗauka, da halinsa na gaskiya, kuma an gano yaron ɗan canji ya fi kowa yawan uzuri in an ci shi, don haka ba mu rasa kaya ba. Amma akwai shafuka masu ban dariya sosai da suke kwance ba za a taɓa ɗaukar su ba, kuma wani lokaci in mun ga bidiyon wasu na tashi da irin abin da muka bari, zuciya takan ɗan sosu.

Akwai shafi ɗaya da muka naɗe kusurwarsa tun watanni. Labarin caca ne dai, amma an juya shi: abin dariyar ba yaron ba ne, babban mutum ne mai gemu da ke zaune a gidan gem yana riƙe wa yara kuɗin caca yana cire kasonsa, in an kira sallah kuma shi ne a sahun gaba. Rubutun ya yi kyau, yayar nan ta yi dariya har ta share hawaye. Matsalar ita ce amsar tambayar saman shafin mutum ɗaya ce, kuma kowa zai gane shi. Biyu a cikinmu na cewa wannan ba yaro ba ne, yana da bakin ramawa, kuma abin da yake yi ya cancanci a tona. Biyu na cewa a fara kai maganar gaban mai unguwa da iyayen yara, in ta gagara sannan a kafa waya. Alhamis ɗin da ta wuce ma a kansa muka tashi, ba a daidaita ba.

Kafin nan, ranar Asabar bayan la'asar za mu ɗauki wani a bayan shagon, a kan zamanin naira 20 wasa ɗaya. Muna neman tsohon fad na PlayStation 2 mai waya, ko da ya mutu, da talabijin mai ƙeya. Wanda ke da su a ƙarƙashin gado ya kawo shagon tela, za a dawo masa da su.